Akwati Yana Nan, Hatimi Yana Nan

Yau tun kaji ba su sauko ba na ɗauki jarka biyu na nufi layin mai a shagon ƙungiya, inda duro ɗaya tilo na ƙauyenmu yake hutawa a inuwa. Mutum goma sha huɗu na tarar a gabana, ban da jarkokin da aka jera suna riƙe wa masu su layi. Sai da rana ta take na kai gaba. Mai awo, maƙwabcina Yafet, ya tsiyaya mini abin da bai rufe gindin jarka ɗaya ba, ya mayar da murfi ya ɗaure.

Na ce, "Yafet, wannan na fitila ne ko na mota?"

"Rabonka ke nan, Obed. Sauran an keɓe shi."

"An keɓe wa wa?"

"Wa biki mana. Janareton lasifika zai sha, kwale-kwalen da zai ɗauko manyan baƙi zai sha, wanda zai ɗauko kujerun manyan baƙi shi ma zai sha."

"Bikin me kuma?"

Ya dube ni kamar yau na sauko daga jirgi. "Bikin motarka. Yau da yamma za a karrama ta. An ce duk lardin nan babu motar da ta kai ta lafiya."

To kun ji. Motar da za a karrama ba ta da man zuwa wurin karramawa. Turawa muka yi, mu bakwai, har filin makaranta, kuma ga shi yanzu ina rubutu bayana yana ciwo.

Masu karatu, ku yi haƙuri da ni yau, bakina cike yake. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tuƙa a-kori-kurar gari, kuma kun san ni a wannan shafi, ban cika yabon manya ba. Yau kam dalili ya samu. Zan yabe su har ku gaji.

Motar ta zo mana ana saura wata biyu zaɓe. Wani babban mutum, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, shi ya sauko da ita daga jirgin ruwa, an shafe ta da sabon fenti har kan tayoyi. Aka yanka alade, aka gasa laplap, wainar doyarmu, mata suka yi rawa har ƙafafunsu suka kumbura. Sai da fentin ya fara ɓarewa muka ga sunan wani kamfanin kwasar shara na wata ƙasa a jikin ƙofa. Ba mu ji haushi ba. Tsohuwa ce, amma injinta na gas ne mai ƙashi, ta kwashe mana kwakwa da gwaza da amare da gawa ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Aibinta ɗaya ne. A ƙarƙashin kujerar mai zaman banza akwai wani baƙin akwati, bai fi littafin waƙoƙin coci girma ba. Shi ke gaya wa famfon mai yawan man da zai tura wa injin, da lokacin da zai tura. In na taka totur, ba da injin nake magana ba. Takardar koke nake aika wa akwati, shi kuma ya duba ya ga ko na cancanta. An manna masa jan hatimi, a takardar kyautar kuma an rubuta cewa motar ta Shirin Ciyar da Ƙauyuka Gaba ce, mu riƙo aka ba mu, duk ranar da aka taɓa akwati ko aka fasa hatimi za a zo a ɗauke ta.

Mai lura da wannan doka shi ne Ranka Ya Daɗe Mai Hatimi, wanda ofishinsa yake can bakin tashar jirgi, ɗaya gefen tsibiri. Ɗan nan ne. Uwarsa Leimara 'yar ƙauyen gaba ce, tare muka yi kamun ƙaguwa da shi muna tsirara. Amma tun da ya fara shaƙe wuyansa da ɗan tsumman nan na 'yan ofis, sai ya koma kirana "mai cin gajiyar shiri".

Yanzu ga abin da ya kawo maganar. Yayata Leisale, wadda ta goye ni bayan uwarmu ta rasu, tana da ciwon suga. Ta taka tsinin dutse a bakin ruwa, ɗan rauni ya fito mata a ƙaramin yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa. Malamar asibitinmu ta wanke, ta ɗaure, ta sake wankewa har audugarta ta ƙare, daga nan ta ce wannan sai babban asibiti a birni. Jirgi kuwa sau ɗaya yake zuwa a mako uku, ranar Alhamis, kuma da ruwa ya fara janyewa yake tashi, ko wa ke hanya. Tsakaninmu da tasha akwai Hawan Fasto, wanda ya samu sunansa ranar da aka ji wani fasto ya yi ashar a kansa, sai gangara, sai rafi. Ta teku babu hanya a wannan lokaci, igiyar ruwa ta gefenmu ba ta san mara lafiya ba.

Alhamis ta farko muka shimfiɗa mata katifa a baya muka kama hanya. Muna isa gindin hawa wata fitila rawaya ta kama a gabana, mota ta saki jiki, ta koma tafiyar hawainiya. Na taka totur har ƙasa, injin yana ta gunaguni kamar yaron da aka aika ba ya so. Na kashe, na kunna. Na cire kan batir, na mayar. Na yi addu'a, na yi irin ta faston nan. Akwati ya yanke hukunci, mota ba za ta hau ba.

Muka sari gora biyu muka ɗaura katifar a kai, maza shida suka saɓa. Leisale ba ƙaramar mace ba ce, hawan kuma ba ƙaramin hawa ba ne. Muna kaiwa ƙoli muka hango jirgi can ƙasa yana juya baya.

Ta ce, "Ku sauke ni in ga abin da ya tafi ya bar ni."

Muka sauke ta. Ta kalle shi har ya ɓace, ba ta yi kuka ba. Ni ne na yi, kuma ban ji kunya ba.

Da muka dawo malamar asibiti ta ja ni bayan tankin ruwa. Ta ce, "Obed, ka saurare ni. In ta rasa jirgi na gaba, ba maganar yatsa za a yi ba. Maganar gwiwa za a yi."

Washegari na hau dutsen da waya ke kamawa na kira ofis.

"Ranka ya daɗe, akwati ya yi fushi."

"Kada wanda ya taɓa shi. Kwamfuta ce kaɗai ke jin yarensa."

"Ina kwamfutar?"

"Tana birni."

"Mai ita fa?"

"Ya tafi kwas ƙasar waje."

"Kwas ɗin me?"

"Yadda ake gaggauta kai ɗauki ƙauyuka."

Allah ya ƙara ilimi. Bayan mako ɗaya na sake hawa dutse. Albishir: mai kwamfuta ya dawo. Sai dai wayar da ake haɗa kwamfutar da akwati ta ɓace, an kuma kafa kwamitin mutum tara ya binciko ta. Na ce yaushe kwamiti zai gama? Aka ce ai bai fara ba, yana shirin tafiya ƙasar waje ne ya ga yadda suke adana waya a can. Ku dubi irin wannan tsantseni. Wata ƙasar da sai kawai a je kanti a sayo wata wayar, ba bincike ba tsari. Ni kuwa ina saukowa daga dutse na shiga ɗakin Leisale, na ji warin ƙafar tun daga bakin ƙofa. Ta ga na ji, sai ta ja zane ta rufe.

Ranar Lahadin ƙarshe kafin jirgi, da rana ta yi sanyi muka taru a nakamal, dandalin maza, shan kava, jiƙon saiwar da muke sha da yamma. Kowa ya san a nakamal ba a ɗaga murya. Kowa ban da tsoho Manase, wanda ya yi shekara talatin a ɗakin injin jiragen dakon kwakwa, ya baro kunnuwansa a can. Shi a ganinsa raɗa yake yi.

"Injin nan lafiyarsa ƙalau," in ji shi, har tsuntsaye suka tashi daga kan bishiya. "Shugabanci ne ya yi masa yawa."

Aka ce masa, "Baba, a hankali."

"Ai a hankali nake. Kun tuna tsohuwar motar coci da bishiyar mangwaro ta faɗa wa lokacin guguwa? Injinsu ɗaya da wannan, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce dai babba. Famfonta na ƙarfe ne zalla, haƙora da sifirin, ba ya neman izinin kowa. Na cire shi tun a lokacin, na cika shi da mai, na naɗe a buhu. Shekara tara yana ƙarƙashin gadona, matata tana zagina a kansa. Ku ba ni kwana uku."

Na ce da ƙarfi, don ya ji, "Hatimin fa, Baba? In suka ɗauke motar mun shiga uku."

"Wa ya ce zan taɓa akwati? Zan bar shi a kujerarsa da hatiminsa. Zan dai daina kai masa labari."

Mai gari Kalorib ya shanye ƙoƙonsa, ya tofar, ya tashi. Da gari ya waye muka tarar da ganyen namele biyu, alamar hani a al'adarmu, an gicciye su an ɗaure a hancin motar. Ya tsaya a bakin coci ya ce daga yau har Leisale ta shiga jirgi, babu mai taɓa motar nan sai wanda ya ambata da bakinsa, ya kuma ambaci ni da Manase da ita kanta. A ƙasar nan alƙali yana yanke hukunci a ɗaukaka ƙara. Ban taɓa jin wanda ya ɗaukaka ƙara a kan wannan ganye ba.

Muka shiga aiki. Famfon da muka cire wayoyi goma sha ɗaya ne a jikinsa. Wanda muka ɗaura guda ɗaya yake buƙata, ita ma don a kashe shi ne, ba don a tayar ba. Bututan da ke kai mai ga nozul, bakunan da ke fesa shi cikin injin, ba su zo daidai ba, Manase ya wuni yana lanƙwasa su a kan gwiwarsa kaɗan-kaɗan, yana yi musu faɗa. Sannan aka zo kan totur. Namu ba shi da wayar ja, tun da aikinsa rubuta koke ne kawai. Muka dubi juna, muka dubi keken fasto da ke jingine a jikin bango. Allah ya saka wa fasto da alheri, har yau da duga-dugansa yake taka birki.

Talata da yamma muka sassauta notin kowane nozul, na riƙa murza makulli har iska ta fita, mai ya fara tsartuwa. Kafin mu ɗaure notin, batir ya mutu. Sai turi, turi kuma sai da hannu, hannu kuma sai an ambata. Mai gari ya zo ya tsaya yana kiran sunayen matan zumuntar coci ɗaya bayan ɗaya, kowace aka kira ta goge hannu a zane ta kama. Suka tura ni gangaren makaranta, na saki kulocin, mota ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi. Farin hayaƙi ya rufe filin, injin yana ɗingishi.

Manase ya ce man yana makara. Ya ɗauko sanda, ya ɗora kai ɗaya a jikin injin, ɗaya kan ya cije da haƙoransa, ya rufe ido. Tun da kunne ya tafi, da muƙamuƙi yake saurare. Ya sassauta notin famfo, ya juya shi kamar kaurin farce. Injin ya fara bugu kamar ana sara da gatari. Ya girgiza kai, ya dawo da shi rabin haka. Hayaƙi ya washe, bugu ya kwanta, injin ya daidaita numfashi.

Ya cire sandar daga baki ya ce, "Nan."

Na taka totur, injin ya amsa kafin ƙafata ta gama tambaya. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ranar muka fara gaisawa ba tafinta. Allurar da ke nuna gudun injin ta mutu murus, fitilar nan rawaya kuma ta kama ta ƙi mutuwa, don akwati yana ta ihu babu mai amsa masa. Na ce mu manne ta da salatif. Manase ya ce a bar ta, kowa yana da haƙƙin bayyana ra'ayinsa.

A tsibiri labari ba ya buƙatar mai. Laraba da azahar sai ga sabuwar farar mota, mai sanyi a ciki, ta tsaya a gabanmu. Ranka Ya Daɗe Mai Hatimi ya fito da takarda a hannu, fuska a murtuke.

"Labari ya iso ofis cewa ana yi wa kadarar shiri ta'adi. Ba ni makulli."

Ya taho da sauri, hannu a miƙe. Saura taku uku ya ga ganye. Na rantse muku, takalminsa ne ya fara tsayawa kafin shi. Hannun da ya miƙo ya rasa inda zai kai shi, sai ya gyara tsumman wuyansa da shi.

Ya juya wajen mai gari. "Baba, a ɗan cire wannan, aikin hukuma ne."

"Bayan jirgi," in ji Kalorib.

"Dubawa kawai zan yi."

"Ido ban hana ba."

Na buɗe masa ƙofa, na ɗaga kujera. Ya tsaya daga inda yake ya miƙa wuya. Takardar tasa, wadda aka ɗauko ƙwararru daga nesa suka tsara, tambaya uku ce a cikinta. Akwati yana wurinsa? Yana nan. Hatimi yana nan? Ko ƙwarzane babu. Fitilar gargaɗi tana aiki? Na murza makulli, ta kama tar, ta ma fi da haske.

Ya ce, "Buɗe bonet."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a layi na nawa aka rubuta bonet?"

Ya duba gaba, ya duba baya. Ƙwararru ba su yi maganar bonet ba.

Daga barandar gida Leisale ta yi magana, tana zaune ƙafar a kan turmi an naɗe ta da tsohon zane. "Ɗan Leimara, ashe ka girma. Har ka wuce gaisuwa?"

Ya juya ya gan ta. Ya ga ƙafar, ya ga ƙudajen da take kora. Ya ce, "Ina wuni, Yaya," da irin muryar da na san shi da ita tun ta kamun ƙaguwa. Injin yana aiki a bayansa, da sautin da duk wanda ya girma a nan ya san ba na akwati ba ne. Ban ce bai gane ba. Ya dai sa alama uku a takardarsa, ya buga hatimi, ya ce zai kwana wajen uwarsa don gobe shi ma jirgin zai bi, yana da taro a ƙasar waje.

Alhamis muka wayi gari da ruwan sama. Muka kwantar da Leisale a baya muka rufe ta da tamfol, Manase yana gefena a kan kujerar akwati. Da muka iso gindin Hawan Fasto na sa giya ta biyu na taka. Ta yi baƙin hayaƙi, ta kama taɓo da ƙafa huɗu, ta hau. Ta wuce wurin da muka sari gora, ta wuce wurin da muka sauke katifa. Ban san ina waƙar coci ba sai da Leisale ta buga bayan gilas ta ce in bar waƙa in kalli hanya.

Muna gangarowa muka ji jirgi ya yi ƙahon farko. Muna shan kwanar ƙarshe na taka birki.

Rafi ya kawo. A tsakiyar mashigi, wurin da mota ɗaya kaɗai ke iya wucewa, ga farar mota a tsaye, ruwa har ƙofa, duk fitilunta suna ƙyaftawa. Nata akwatin ya sha ruwa ya yi murabus. A kan rufinta Ranka Ya Daɗe Mai Hatimi ne a tsugune, ya naɗe wando, ya rungume jaka. Hagu dutse, dama rami. Ya toshe hanyar da ƙafar yayata za ta bi.

Ban san lokacin da na fara zagi ba. Manase bai ji ko ɗaya ba, wannan ne amfanin kurumta. Ya ɗauki igiyar ɗaure buhunan kwakwa ya shiga ruwa har ƙugu, tsoho mai shekara saba'in, ya lalubo ƙugiyar bayan farar motar ya ɗaure. Na sa ribas. Igiya ta miƙe tana kuka, tayoyina suna tonon ƙasa, motar kwasar shara ta jawo motar ofis da mai ofis a kanta har bakin gaɓa. Jirgi ya yi ƙaho na biyu.

Ya diro da jakarsa ya rugo wajenmu. Ya kai hannu zai kama ƙarfen baya ya hau, sai ya tuna. Ganyen yana nan a hancin mota, ruwa ya wanke shi ya yi kore shar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ni da ikon cire shi. Ba a kuma ambace ka ba."

Leisale ta ɗaga tamfol. "Obed, ko ka ɗauke shi ko ka bar shi, amma ka tafi. Ƙafata ba ta halartar taro."

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa, ko da ba ta yi mini daɗi ba: bai roƙa ba, bai yi gardama ba. Da kansa ya ja baya. Ya buɗe jaka ya zaro ambulan ya ce a ba kyaftin, rahoton jiya ne, dole ya isa birni. Ya jefo, Manase ya cafe, tun da takarda ba mutum ba ce. Muka faɗa ruwa. Ruwan ya shigo ta ƙasan ƙofa ya jiƙa mana ƙafa, na tabbata akwati ya sha nasa rabon, babu wanda ya tambaye shi yadda ya ji. Mun iso tasha ana janye katakon shiga. Na danna hon ban saki ba har ma'aikatan jirgi huɗu suka sauko suka ɗauke ta da katifarta.

Bayan mako shida ta dawo. Ƙafa tana nan, gwiwa tana nan. Yatsu biyu ne babu. Likita ya ce mata da jirgin farko ta biyo, da allura da wanki sun isa.

Shi kuwa rahoto ya isa birni lafiya, kuma ashe ya yi tashe. A duk motocin shirin, tamu ce kaɗai ta samu alama uku cif. Sauran ƙauyuka, marasa tarbiyya, sun fasa hatimi suna neman gyara. Shi ya sa yau aka sha man garin nan a lasifika. Kada ku damu cewa na tona asiri a jarida. Manyanmu ba sa karanta shafin da babu hotonsu.

Babban baƙo, Mai Girma Uban Masu Hatimi, ya zo daga birni takanas. Ya yi jawabi na awa ɗaya da rabi. Ya ce wannan mota hujja ce cewa in talaka ya kame hannunsa ya bar fasaha ta yi aikinta, ci gaba zai zo har ƙofar gidansa. Ya yi alkawarin za a kawo wa kowane ƙauye akwati, motocin kuma za su biyo baya a zango na biyu. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya dafa akwati aka ɗauki hoto, ya ce yana jin ɗuminsa. Rana ce ta buga shi, amma ban ga dalilin ɓata wa baƙo rai ba. Manase yana ta tafi a wuraren da ba na tafi ba.

Sai aka kira mai cin gajiyar shiri ta rataya wa baƙo furanni. Leisale aka zaɓa. Da safe matata ta kai mata takalmi rufaffe, ta ce a mayar, silifa za ta sa. Ta taso a hankali, tana karkata gefe ɗaya, don har yanzu ƙafar tana koyon tsayuwa. Ya sunkuyar da kai ta rataya masa, da yake kuma kansa yana ƙasa, idonsa ya sauka inda bai shirya ba.

Lasifika tana bakinsa ya ce, "Mama, me ya samu ƙafarki?"

Ta ce, "Suna wajen kwamiti, ranka ya daɗe. Guda biyu. An ce in an gano waya za a dawo mini da su."

Ya yi dariya, don ya ɗauka irin barkwancin ƙauye ne. Ya tafa, duk masu tsumma a wuya suka tafa. Mutum ɗaya ne a cikinsu bai tafa ba. Ɗan Leimara yana kallon takalminsa.

Da aka watse muka ɗora ta a baya muka turo motar gida, ita tana riƙe da takardar yabon da aka ba mu tana fifita da ita. Kafin in rufe ƙofa na ɗaga kujera na duba, kamar yadda doka ta ce. Akwati yana nan. Hatimi yana nan. Fitila tana aiki. Yatsu takwas ne, amma na duba takardar gaba da baya, ƙwararru ba su bar gurbin wannan tambaya ba.